Faifai Ɗaya da Hassumi Ya Ce a Bari

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga Janairu, 2025, Allah Ya karɓi ran Hassumi Mai Jita, mutumin Damagaram, a gidansa na haya a unguwar Faisal, bayan doguwar jinyar ƙoda da ta kawo shi Alƙahira.

Hassumi, ka shekara arba'in kana kiɗan rok, wanda ni a kunnena kamar ƙanƙara ce ke dukan kwanon rufi. Na sha faɗa maka haka, kai kuma ka sha ce mini kunnen mai sayar da turare a hancinsa yake. Ɗalibanmu na unguwar Madinat Nasr ba su san ka da jita ba. Sun san tsohon da ke gyara musu fanka da dutsen guga kyauta, wai wanda ya yi fama da wayoyin lasifika ba ya tsoron fanka. Kuma ba mai fita gidanka bai sha shayi ba.

Ɗanka Zainulabideen, ɗalibin shari'a, yana tsoron kada kiɗan ya bi ka kabari. Ba ka yi masa gardama ba. Ka ce faya-fayan ƙuruciya sun riga sun fita hannu, amma uku na tsufa naka ne: a janye biyu daga intanet, a bar ɗaya, ni zan zaɓa. Na ce me ya sa ni? Ka ce, "Masoyi ƙuruciyarsa zai zaɓa, Alhaji. Kai ba ka da abin tunawa."

To, na zauna na saurara, Allah Ya ba ni lada. Na farko a Faransa ka yi shi, ganguna sun danne ka, kamar baƙon da aka hana magana a bikin ɗansa. Na biyu bayan aikin hajji ne, wa'azi daga farko har ƙarshe, jitar tana rakuɓe kamar mai jin kunya. Shi ne wanda yaron ya sa rai zan ɗauka. Amma a ciki da masu zaginka kake magana, kana neman su sake maka mara.

Na ukun a falonka na Faisal ka ɗauka, yatsu sun yi nauyi. Ana jin hon ɗin mikrobas, ƙananan motocin haya, ana jin mai gas yana ƙwanƙwasa tukunya da sifana, kai kuma ka bi bugunsa. Shi na zaɓa.

Zainulabideen ya ɓata rai. Na ce ya zauna ya ji waƙar ƙarshe. A tsakiyarta kiɗa ya tsaya cak, ladan na kiran la'asar, ba ka kuwa yanke wurin ba. Sai wata murya daga ƙofa ta ce, "Baba, salla." Ka ce, "Tamam, ga ni nan." Aka ji an jingine jita a bango. Muryar Zainulabideen ce. Da waƙar ta ƙare ya ce mini, "Khalas, shi ke nan, Baffa, a bar shi."

Allah Ya jiƙan ka, Ya yafe maka wanda muka ji da wanda ba mu ji ba, Ya haskaka kabarinka. Ya ba matarka Hajiya Azumi da Zainulabideen da dangi na Damagaram haƙuri. In tamu ta zo, Ya sa mu amsa kamar yadda ka amsa.