Bahago Mai Salansa da Numfashin Iya

Sunansa na yanka Mika'ilu, amma ko a masallaci ka kira Mika'ilu ba wanda zai waiwaya. Bahago kowa ya sani. Ɗan Kawu Mamman ne, wan mahaifiyata, wato taubashina ne, kuma da ana zaɓen dangi da ban zaɓe shi ba. A gidanmu an hana ni faɗin abin da ya yi da baki, shi ya sa na ɗauki biro.

A Ƙofar Gayan aka haife shi, gidan ƙira. Kakanmu lauje da fartanya yake ƙera wa manoman ƙauye, Kawu Mamman ya gada. Bahago tun yana ƙarami da hagu yake riƙe guduma. An doke shi, an ɗaure masa hannun a baya, bai daina ba. Da ya tasa ya ce shi ba zai tsufa a gindin zugazugi ba, ya gudu Kaduna ya koyi walda a kasuwar Panteka. Ya dawo da tukunyar gas da baƙin tabarau da tabon ƙuna a wuya, ya kafa rumfa a Tukur-Tukur, ya ce salansa kawai zai riƙa yi.

Ba zan hana shi abin da Allah ya ba shi ba, hannunsa na da kyau. Idan ya ɗinke ƙarfe sai ka shafa kafin ka gane inda ya haɗa. Amma ga yadda yake cin abincinsa. Samari masu babur su kawo masa ya huda salansa, ta riƙa ƙara kamar ana harbi a lungu. Tsofaffin unguwa su hana kowa sakat da ƙorafi, sai iyayen samarin su turo baburan, shi ɗin dai ya toshe hudar da ya yi. Kowa ya san haka, kowa dariya yake yi. Shi ne na farko a jana'iza, shi ya yi wa masallacin unguwa ƙofar ƙarfe kyauta, kuma bakinsa ba ya rabuwa da barkwanci. Mutum irin wannan ba a riƙe shi da laifi a cikin birni.

Ni ɗan mace ne, shi ɗan namiji, don haka tun ina rarrafe sunana bawa a wurinsa. Hular sallata ya taɓa cirewa a kaina ya tafi da ita. Takalmin da na dawo da shi daga hidimar ƙasa a ƙafarsa na gan shi washegari. Duk ranar da na ɓata rai sai Iya ta ce, "Wasa ne, Auta. Ba a fushi da taubashi."

Iya na da asma, kuma tun rasuwar Baba ta yi tsanani. Ni na gama karatu ban samu aiki ba, sai aikina ya zama kai ta asibiti a tsohuwar motar da Baba ya bari. Motar tana tafiya, amma salansarta ta ruɓe, hayaƙi na shigowa ta ƙasa. Duk fita sai Iya ta toshe hanci da mayafi, kafin mu isa ƙirjinta ya fara kuka. Likita ya ce mini ƙiri-ƙiri, ko a gyara motar ko a daina saka ta a ciki. Yayata da ke aure a Kaduna ta aiko da salansa cikakkiya, mai kyau, tun daga bakin inji har wutsiya, haɗe da tukunyar nan mai tace hayaƙi da 'yan gareji ke kira indomi, saboda abin cikinta ya yi kama da dunƙulen taliya. Na san masu saye suna bin gareji-gareji nemanta, don haka na yi niyyar kai motar wurin wani baƙo in tsaya a kansa.

Iya ta ce sam. "Ga ɗan ɗan'uwana na sana'ar, ka kai wa bare? Me zan ce wa Yaya Mamman?"

Na kai masa. Yana cikin rami ƙarƙashin wata mota, ya ɗago tabarau ya hango ni.

"A'a! Bawa ne da kansa? Digiri ya zo gaishe da guduma!" Ya fito, ya ɗaga tukunyar da hannun hagu, ya girgiza ta a kunne, ya leƙa cikinta a hasken rana. "Kai, wannan ai ta fi ƙarfin motar ubanka."

"Saboda Iya ce. Hayaƙi na kashe ta."

"Gwaggona ce kafin ta zama uwarka. Tafi ka dawo bayan la'asar."

"Zan jira."

"Ka tsaya a kaina? Jama'a ku ji, bawa zai duba aikin ubangidansa!" Maƙwabtansa na rumfa suka kwashe da dariya. Wani mai faci ya ce, "Haba ɗan boko, har ɗan'uwanka ba ka yarda da shi ba?" Kunya ta kore ni.

Da na dawo motar ta yi shiru, sai ɗan gurnani mai daɗi. Na durƙusa na leƙa, ga tukunyar a wurinta, walda lafiya lau. Na yi masa godiya.

Motar ta yi lafiya na ɗan lokaci, sannan ta fara nauyi a hawa, kamar ana riƙe ta ta baya. Na koma masa, ya ce man da nake sha ne ba kyau.

Ranar da abin ya faru ruwa ake yi kamar da bakin ƙwarya. Bayan azahar ƙirjin Iya ya rufe, ta shaƙi maganinta bai buɗe ba. Na ɗauke ta na kwantar a kujerar baya, na ɗage gilasai duka saboda ruwa. Mun fito lungu, mun kama hanyar ƙofar gari, Keke Napep sun cunkushe gaba. Da hanya ta ɗan buɗe na taka mai da ƙarfi, sai na ji wani abu ya fashe a ƙarƙashinmu, fus! Motar ta yi tari ta mutu. Kafin in gane me ke faruwa wani hayaƙi mai ɗaci ya taso ta ƙasan kujeru, mai warin ƙarfe da ya ƙone. Na waiwaya. Bakin Iya a buɗe, idanunta a waje, tana jan iska ba ta shiga. Ba ta ko iya kiran sunana ba, kafaɗata kawai take duka.

Ban san yadda na fitar da ita ba. Na tuna ina tsaye cikin ruwa da ita a hannu ina ihu, masu hon na zagina na tare hanya. Wani mai Napep ya sauke fasinjojinsa ya ɗauke mu. Leɓenta ya yi baƙi kafin mu isa. Da aka ɗora mata oksijin aka rufe ƙofa, sai na zauna a ƙasan baranda.

Washegari na sa aka jawo motar ƙofar gida, na shiga ƙarƙashinta da kaina. Haɗin da ke gaban tukunyar ya tsage. Na sa aka kwance ta, na juya bakinta ƙasa na bubbuga. Babu indomi. Abin da ya faɗo dunƙulen soson ƙarfe ne, irin na wanke tukwane, ya ƙone ya cure wuri guda kamar dutse. Ashe yanka tukunyar ya yi ta sama, inda ido ba ya kaiwa, ya kwashe cikin, ya cusa soso don kada ta yi ƙara, ya mayar ya ɗinke. Soson ne ya toshe hanya, hayaƙi ya rasa mafita ya fasa ta ƙarƙashin inda Iya ke kwance.

Na saka dunƙulen a leda na nufi Tukur-Tukur. Na jefa masa a gaban mutane.

Ya duba, bai ko canza fuska ba. "To? Kowa haka yake yi. Rabin motocin garin nan soso ne a cikinsu, wa ya mutu?"

"Iya na kan oksijin."

Da a ce a lokacin ya sunkuyar da kai, wataƙila da ban rubuta wannan ba. Amma sai ya kalli mutanen da suka taru, ya yi murmushi. "Ciwon Gwaggo ai ya girme ka. Kuma tun yaushe bawa ya mallaki abin da ubangidansa ba zai taɓa ba?"

Wasu suka yi dariya, ba da yawa ba. Na ce masa ɓarawo, na ce sai na kai shi ga hukuma. Mai facin nan ya riƙe ni ta baya, don na riga na ɗauki wani guntun bututu ban sani ba.

Kafin magariba maganar ta kai Ƙofar Gayan. Da aka sallamo Iya, Kawu Mamman ya zo gida, ya zauna a bakin gadonta, ya sa aka kira ni. Bai tambayi abin da aka cusa a motar ba.

"Nabil, an ce ka kira ɗan'uwanka ɓarawo a bainar jama'a."

"Kawu, ya kusa kashe ta."

"Kwana bai ƙare ba. Kuskure ne, na yi masa faɗa. Amma tunda aka kafa gidanmu ba a taɓa jin taubashi ya kai taubashi ƙara ba. Abin da ya ɗauka a hannunka wasa ne, ba sata ba. Kai da karatunka kake so ka fara raba mu?"

Na kalli Iya. Tana jingine da matasai, domin yanzu ba ta iya kwanciya miƙe. Na yi zaton ko sau ɗaya za ta tsaya wa kanta. Ta ɗaga hannu, ta jira numfashi ya taru, ta ce, "Auta." Ta sake jira. "Ban yafe maka ba... idan ka kai shi."

Ban kai shi ba. Har yau yana rumfarsa, motoci na layi, an ce ma ya ƙara rami na biyu. Ya turo a ɗauko motar ya gyara kyauta, na ce duk wanda ya taɓa ta sai mun hau sama. Tana nan a ƙofar gida, tayoyinta sun sace. A Napep nake kai Iya asibiti, ina riƙe da mayafinta a kan hancinta duk lokacin da babbar mota ta wuce mu.

Likita ya ce huhunta ba zai koma yadda yake ba. Da can da ƙafa take zuwa gidan Kawu ta dawo. Yanzu daga ɗakinta zuwa tsakar gida sai ta huta a hanya, ta dafa bango. Kwanan baya matar Bahago ta haihu. Ranar suna Iya ta sa aka ciro mata atamfarta mai kyau, ta ɗaura, ta ce ko da rarrafe sai ta je ta ga jikan ɗan'uwanta. Ta kai ƙofar zaure, sai ta tsaya. Na ji ƙirjinta na kuka tun daga inda nake. Na kawo kujera ta zauna a nan cikin kwalliyarta, ta miƙo mini turmin zanen da ta saya wa mai jego, ta yi mini nuni da hannu in je in kai. Na ce sai numfashinta ya daidaita tukuna. Muka zauna muna jira, har aka kira la'asar.