Tsagar da Ke Yatsan Baba

Baban Masaƙa ake ce masa a layin, ko da yake masaƙar da ya yi wa aiki ta daɗe da zama ma'ajiyar siminti. A gaban injin naɗin zare ƙuruciyarsa ta ƙare. Injin yana da ɗan ƙarfe mai ido, zare na bi ta ciki, ƙarfen na kai da kawowa don kada naɗin ya taru gefe guda a jikin kwarkwaro. In ƙarfen ya cije, Baba ba ya jiran makaniki, yatsa yake sawa, har zare ya yi masa tsaga.

Yanzu 'yarsa ke ɗinki a tsakar gida. Da ya ji ta fara naɗa zare, sai ya jawo kujera.

"Ke, wannan naɗi ne ko tulin shara? Kawo nan."

"Baba, keken ai yana da nasa ƙarfen."

"Na sani. Taka dai."

Ta taka. Zaren ya faɗa tsagar nan kamar ya dawo gida, yatsan na tafiya hagu da dama. Baba ya lumshe ido. Da ta ga kwarkwaron ya kusa cika, sai ta rage taku.