Allurar da Na Lanƙwasa a Motar Baba Issaka

A duk ranakun da na yi cikin wannan sana'a, wadda ta ƙi fita daga kaina ita ce wata Talata da aka jawo motar Baba Issaka da igiya aka shigo da ita garejinmu na Asokore Mampong. Tsofaffin cikinku sun ga motar, amma ba su san abin da ya kashe ta ba. Yau zan faɗa, don na gaji da riƙe shi a cikina.

Ga waɗanda ba su san ni sosai ba, ni ne Fuseini mai wayar mota. A Magazin, unguwar makanikai da masu kayan gyara, na koyi aiki, kuma sama da shekara talatin ke nan ina kwanciya ƙarƙashin dashbod. Ku 'yan yanzu da kuke soka kwamfuta a mota ta gaya muku ciwonta, sai ku yi haƙuri in yi muku bayani dalla-dalla, don na san rabinku ba ku taɓa buɗe geji da hannunku ba.

A tsofaffin motocin Ingila, gejin mai da gejin zafi ba sa shan wuta kai tsaye daga batir. Wutar batir ba ta tsayawa wuri ɗaya: in inji na kashe sha biyu ce, in an taka totur ta kai sha huɗu. Saboda haka a bayan dashbod akwai wani ɗan gwangwani kamar akwatin ashana, muna ce masa sitabilaiza. A cikinsa akwai siririn ƙarfe da aka naɗe da waya. In ya yi zafi sai ya lanƙwashe ya yanke wuta, in ya huce ya dawo ya haɗa, haka yake yi ba hutawa, don gejin biyu su riƙa samun goma daidai. Ranar da bakinsa ya manne, wuta za ta wuce gaba ɗaya, allurai biyun su haura sama su fara ƙarya.

Baba Issaka direba ne. Ya yi wa wani Alhaji mai fataucin goro tuƙi har Alhajin ya rasu, 'ya'yan suka bar wa Baba motar maigida. Tsohuwar motar Ingila ce mai koren fenti, ta kusa kai shekaruna. Shi mutumin Salaga ne, ya baro gida yana saurayi a bayan motar goro, ya bar yayansa Mahama a can.

Zuwansa na farko wurina, ya ce allurar zafi tana shiga ja tun kafin ya kai Manhyia da ke nan kusa. Na ɗora hannu a lagireto, lafiya lau. Na dubi gejin mai, ya ce tanki cike yake, alhali galan huɗu ne a ciki. Nan take na gane sitabilaiza ne ya manne. Kwana uku ina yawo a Magazin ina nemansa, masu kayan gyara suna yi min dariya. Wani ma cewa ya yi in ba shi ɗan gwangwanin ya rataye a shago don yara su riƙa kallo. Shi kuwa Baba ba ya iya tuƙi yana ganin allura a ja, kowane minti biyar sai ya faka ya buɗe bonet.

To sai na yi abin da na ga iyayen gidanmu suna yi. Na cire gejin zafi, na ɗaga gilashinsa, na sa ƙaramin filaya na lanƙwasa allurar baya, har ya zama in inji yana daidai zafinsa tana zaune a tsakiya. Gejin mai ban taɓa shi ba, don Baba da sanda yake auna tanki. Na mayar na ɗaure, na ce masa, "Baba, an gyara." Ban gaya masa abin da na yi ba, ban sa wata alama a bayan gejin ba. Na ce a raina na ɗan lokaci ne, kafin a samu kayan. Shekara bakwai suka wuce, motoci ɗari-ɗari suka bi ta hannuna, wallahi na manta sarai.

Sai bayan wata Babbar Sallah ya dawo da ɗan kwali a hannu. 'Yarsa Memuna da ke aiki a Turai ta nemo sabon sitabilaiza, irin na zamani da ba shi da ƙarfe mai motsi a ciki, ta aiko da shi. Ya ajiye min a kan benci ya ce, "Masta, Salaga za ni. An bugo waya, jikin Yaya Mahama ya yi tsanani."

Na ce, "Subhanallahi, Allah ya ba shi lafiya. To Baba, ai sai ka hau motar haya gobe da sassafe."

Ya girgiza kai. "Ranar da zan baro gida, shi ya ɗora ni a kan buhunan goro. Na ce masa wata rana da motata zan dawo, ya yi dariya har da riƙe ciki. Tun da aka ba ni ita nake cewa baɗi, baɗi. Yanzu babu sauran baɗi. Ina so a fito da shi ƙofar gida ya gan ta, ko da zama ne ya yi a ciki."

Hanyar ba wasa ba ce: hawan Mampong ta kan dutse, ba tamu ta Asokore ba, sai Ejura, Atebubu, har Yeji, a sa mota a jirgin ruwa a ƙetare tafki. Amma na ga idonsa, na san ko ban taɓa motar ba zai tafi. Na ce ya ba ni yini ɗaya.

Na yi aikin da kyau, ko in ce haka na zata. Na ɗaura sabon sitabilaiza, na kankare tsatsa na ba shi ƙasa mai kyau, wato na haɗa shi da ƙarfen jikin mota, na sa mita: goma cif, ko rawa ba ta yi. Muka zuba mai, gejin ya nuna daidai abin da sanda ta nuna. Muka tayar da inji ya yi zafi, allurar zafi ta ɗan ɗaga daga ƙasa ta tsaya. Maimakon in tambayi kaina me ya sa ba ta kai tsakiya ba, sai na hau cika baki, wai injin Baba sanyinsa kamar ruwan randa.

Ga ƙa'idar aikin, ku ji ta da kyau. Duk wanda ya canza sitabilaiza, dole ya kwance ɗan ƙarfen da ke jin zafin ruwa a jikin inji, ya bar wayarsa a haɗe, ya ba shi ƙasa, ya tsoma bakinsa cikin ruwa mai tafasa. In geji na da gaskiya, allura za ta je bakin ja. Aikin minti goma sha biyar ne. Na san shi, na koya wa wasu, amma ran nan ban yi ba. Motoci uku na jirana, ga mita ta riga ta faranta min rai.

Kuma ban tsaya nan ba. Na san halinsa na tsayawa yana shafa bonet, sai na ce, "Baba, wannan tsaye-tsayen naka ka bar shi, in ba haka ba jirgin Yeji zai tafi ya bar ka. Allurar nan yanzu ba ta ƙarya. Muddin ba ta wuce tsakiya ba, taka kawai." Ya ce, "Yoo, Masta. Tunda kai ka faɗa."

Ya tashi ranar Litinin bayan sallar asuba. A hawan Mampong tiyon ƙasa na lagireto ya tsage, ruwa ya riƙa zuba. Wannan ƙaramin abu ne, direban da ya tsaya da wuri zai naɗe shi da roba ya ƙara ruwa ya wuce. Amma allura ta hau a hankali ta zo tsakiya ta zauna, shi kuma ya ci gaba da takawa har inji ya cije. Bai iya barin motar a bakin titi ba, don ya san kafin ya dawo an kwashe ta ƙarfe-ƙarfe. Sai washegari ya samu wanda zai jawo ta. Maƙwabcina Kwaku, fita mai gyaran inji, ya buɗe ya duba, ya goge hannu ya ce, "Baba, kafra, sai haƙuri. Kan injin ya tsage, fistin sun manne. Wannan ba mai tashi ba ne."

Baba ya bar mana motar ya tafi gida. Laraba ya hau motar haya, ya isa Yeji jirgi ya riga ya tashi, ya shiga Salaga ranar Alhamis. An binne Yaya Mahama tun Laraba bayan la'asar.

Ni kuwa a nan, masifa na hau yi. Na zagi kayan zamani, na zagi wanda ya ƙera su, na ce an cuci yarinya an sayar mata da jabu. Na sa mita don in nuna wa Kwaku, sai ga goma cif. Ashe ba daga sitabilaiza ba ne. Na ɗora ruwa a wuta, na tsoma ɗan ƙarfen, ruwa na tafasa yana tsalle, allura ta zo tsakiya ta tsaya tana kallona. Na cire gejin na ɗaga gilashi, sai ga shatin haƙoran filaya a gindin allurar. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! A ƙasa na zauna, cikin baƙin mai.

Kwaku ya ce in rufe bakina, tiyo ne ya fashe, kowa ya gani. Na ɓoye maganar kwana goma. Abin da ya karya ni wayar Memuna ce. Ta kira tana kuka, tana tambaya ko abin da ta aiko ne ya kashe motar babanta. Na ce mata a'a, kayanta lafiyarsu ƙalau. Da Baba ya dawo na tafi gidansa a Ayigya Zango.

Na same shi a kan tabarma a ƙofar ɗaki. Na yi masa ta'aziyya, sannan na faɗa masa komai, tun daga filaya har ruwan zafin da ban dafa ba. Na so ya zage ni, wallahi da na fi samun sauƙi. Ya ajiye carbinsa ya dube ni.

"Tun daga gindin hawan na ji wari," in ji shi. "Shekara arba'in ina tuƙi, na san warin injin da ruwansa ya ƙare. Sau biyu ƙafata tana sauka daga totur. Sai in dubi allura, in ce Masta ya ce ba ta ƙarya."

Na ce, "Baba, ka yafe min."

Ya ce, "Allah ya riga ya rubuta ba za mu gana ba. Na yafe. Tashi ka koma, ka bar shago ba kowa."

Shekara biyu ina neman inji irin nata, har Tema bakin teku na aika, ban samu ba. Motar tana nan a ƙofar gidansa a kan duwatsu, masu sayen ƙarfe suna ta zarya. Muna haɗuwa a masallaci, yana amsa gaisuwata da fara'a, amma tun daga ranar sunana yake kira, Fuseini, kamar yadda yake kiran kowa.

Abin da na koya ba mai daɗi ba ne. Mutumin da ya kawo mana mota ba ƙarfe kaɗai yake miƙo mana ba. Idonsa da hancinsa da duk abin da ya sani yake ajiyewa, ya ɗauki maganarmu a madadinsu. Da ban taɓa motar nan ba, da hancin tsohon nan ya kai shi Salaga. Ni na ce masa kar ya saurare shi.

Da ina da ƙarfin gwiwar cewa wannan labarin zai gyara wani abu, da na ji sanyi, amma ba ni da shi. Jiya-jiyan nan, a garejin nan, na ga ɗayanku, ba zan kama suna ba, wata mata ta kawo mota fitilar gargaɗi tana ci a dashbod. Ya duba bai gano ciwon ba, sai ya zura hannu ta baya ya cire ƙwan fitilar. Ina tsaye ina kallo, na buɗe baki, sai na ji kunyar kaina ta riƙe min harshe. Yara uku ne a kujerar baya. Matar ta leƙa ta ga fitila ta mutu, ta yi murmushi ta ce, "Allah ya yi albarka, Masta," ta ja motarta ta hau titi.