Motar da ke yin oda ƙarfe takwas

Duk wanda ya san kakanku ya san maganar nan tasa: “Saura minti biyu.” In na ajiye masa tuwo, saura minti biyu. In aka ce ya tashi a tafi ɗaurin aure, saura minti biyu. Har ranar sunan uwarku, liman ya ɗaga hannu zai yi fatiha, sai da ya ce masa haka.

Gyaran rediyo ya koya tun yana saurayi, daga baya ya sami tsohuwar bashe, motar nan mai buɗaɗɗen baya, yana kai 'yan kasuwa Takieta da Dogo. A shekarun farin nan da muka ci anza, ruwa ya yi wuya a Birni, wata safiya na yanke jiki na faɗi a layin famfo. Likita ya ce hawan jini ne, ƙwaya ɗaya kullum, ƙarfe takwas, kada in tsallake. Ni kuwa ban yi lakwal ba, ban san boko ba, agogo a wurina ado ne. Ran da na tuna in sha da hantsi, ran da na manta sai gobe. Sau biyu ina sake faɗuwa. Malam, kakan naku, bai yi mini faɗa ba. Ya dai dube ni.

Ba a jima ba wani Alhaji Bakano da ke kawo masa kayan rediyo ya zo masa da wani abu kamar gidan ashana. Wata guda yana zaune a zaure da dalma da wayoyi, gida duk ƙauri. Na tambaye shi me yake dafawa. Ya ce agogo ne na mota, wanda ba hannun mutum ke saita shi ba, tauraron ɗan adam ke aiko masa da lokaci daga sama. Na ce mutane na neman gero, shi yana neman lokaci. Ya ce in ba shi ƙwarya.

Sabuwar ƙwaryata ya kife a kan rufin motar, wai kunnen agogon na ciki, kada rana ta dafa shi. Kun san a shekarun nan idon kowa na sama. Da labari ya bazu cewa Malam na magana da sama, sai ga dattawa uku daga Dogo, sun zo da zakara, a tambayar musu yaushe ruwa zai sauka. Ya shiga motar, ya daɗe yana duban lambobin, su kuma sun tsuguna. Ya leƙo ya ce, “Ya ce ƙarfe goma sha ɗaya da minti bakwai.” Suka ce ruwan fa? Ya ce wannan sai mu roƙi mai shi tare. Ya mayar musu da zakaransu, ya ƙara musu tiya biyu ta geron da ni kaina nake lallaɓawa.

Ladan ma bai tsira ba. Malam ya tare shi ya ce kiran azahar ɗinsa ya makara da minti biyu. Ladan ya ce shekara talatin yana kira da inuwar katanga, katangar kuma ba ta taɓa neman batir ba. Sati guda ba su gaisa ba. Bayan haka kullum sai ka ga ladan ya ratso ta ƙofarmu, wai gaisuwa, idonsa na cikin motar.

Abin da ya fi damun unguwa shi ne odar. Ƙarfe takwas daidai motar za ta yi oda ita kaɗai, sau ɗaya, awaki su watse. Kuma Malam ba ya barin ƙofar gida sai ta yi. Fasinja su yi ta magiya kasuwa za ta ci ba su, shi ko yana riƙe da sitiyari: saura minti biyu. Da yawa suka koma wasu motocin. Ni dai in na ji odar sai in ce mahaukaciyar ta tashi, in ɗauko ƙwayata. Ban taɓa haɗa abu biyun ba.

Da farin ya tsananta, rumbu ya ƙare, 'ya'ya suka taru a kan a sayar da motar. Ya ce to. Ya ba Bakanon nan tayoyi aka kawo gero. Wata ya zagayo ya ba da kujeru, sannan inji. Ya ɗora ƙaramin fano, farantin nan mai jawo wuta daga hasken rana, a gefen ƙwaryar don batir. Ranar da aka zo ɗaukar gangar jikin ya zauna a ciki, a kan turmi, ya ƙi fita. Na ce masa, Malam, ka ji tsoron Allah, kaji ke ƙwai a cikinta. Ya ce yara su ba mu wuri. Sannan ya ce, a hankali, “Falmata, in na riga ki, wa zai ce miki takwas ta yi?”

Ya riga ni ɗin, damina biyu bayan nan. Motar kuwa ga ta can kan duwatsu, kun ganta. Yau da safe ma ta yi, na sha.

Allah, bawanka bai taɓa bari na makara ba. Kada ka jinkirta masa rahamarka ko da minti biyu. Ka sanyaya makwancinsa, ka haɗa mu a inda ba a duban agogo. Amin.