Wayoyin da suka yi tsalle a garejin Alhaji

Ku 'yan baya, ranar da wayoyi suka kusa raba ni da aikina ba ta fita raina ba. A Konni ne, shekarar da hatsi ya yi tsada, yara sun ce 2005 ce. Ni ke shara da dafa wa ma'aikata a garejin Alhaji, inda ake ƙera amalanke. Tukunyar nan ita ke ciyar da jikokina.

Alhaji ya sayo sabon injin walda daga Sakkwato, mai wayoyi biyu masu kauri kamar igiyar rijiya. Ma'aikata sai su watsar da su ko'ina. Ni kuwa ba na son hargitsi. In na yi shara sai in miƙe su, in jera su gefe da gefe.

To, kullum bayan sharata, da Idi mai walda ya ɗosana wa ƙarfe wuta, sai wayoyin su zabura su rabu, kamar macizai. Uwata 'yar bori ce, garin duk an sani. Aka fara ƙus-ƙus. Aka daina cin tuwona.

Alhaji ya kira ni. Ya ce, "Inna, ba korarki nake ba, amma ki huta a gida."

Na ce, "Alhaji, in huta in ci mi?"

Muna cikin haka sai ga Shef Mamman, babban mai gyaran lantarki, ya zo duba injin. Ya saurara, ya ce, "Inna, jera su yadda kika saba, ki tafi bakin kasuwa."

Na jera su, na tafi. Da na dawo na tarar ana dariya. Wayoyi sun yi tsallensu ba ni nan.

Shef ya ce, "Wuta na tafiya ta wannan, tana dawowa ta waccan. In sun kusanci juna sai su ture juna. Da hanyarsu ɗaya ce, da jan juna za su yi. Aljanin naku sunansa tsabta."

Idi ya ɗauko kwano, kansa a ƙasa. "Inna, da sauran miya?"

Na zuba mishi har da ƙari.

Abin da na koya, masu ƙarfe ba mugaye ba ne. Tsoro ne, kuma har mai riƙe wuta a hannu yana jin sa.