Ba Allura Ce Ta Kashe Falmata Ba

Shekara tara ke nan da aka ɗauki Falmata daga tsakar gidana aka kai ta makwancinta. Ita ce ta biyu cikin 'ya'yana, ta tafi ta bar yara uku. Ni ban shiga lakwal na koyi rubutu ba. Hadiza, 'yar ƙanena mai aikin farmasi a Damagaram, ita ke riƙe da alƙalami, ni ke riƙe da magana, kuma na ce mata ko kalma ɗaya kada ta sassauta.

Abin da ya sa na buɗe baki shi ne, a nan garinmu Gure sunan 'yata ya zama abin tsorata mata. Duk wadda ta ji ƙullutu a nono aka ambaci asibiti, sai wata tsohuwa ta gyara zama ta ce, "Kin manta Falmata ta gidan Ya Mairam? Ai daji ba ya son allura." Ya Mairam ɗin ni ce. Shekara tara ina ji ana yawo da sunan nan daga gidan suna zuwa gidan biki.

Falmata mace ce ta kwari. Ita da mijinta suke da lambu a can, albasa da rogo da itacen dabino. Da ciwon dajin nononta ya fi ƙarfinmu muka shiga kar, babbar motar fasinja, zuwa Yamai, tafiyar da ta kumbura mini ƙafafu. Aka riƙa yi mata ƙarin ruwa da wani magani ja kamar zoɓo. Gashin da nake yi wa kitso tun tana goye ya zube, farcenta ya yi baƙi. Amma ƙullutun ya motse. Wallahi ya motse, da hannuna na taɓa. Da muka dawo gida-gida na bi ina faɗa, kaina a sama.

Ba a yi wata huɗu ba ya dawo, ya fi da. Muka koma, aka sake magani, kamar an zuba ruwa a rairayi. Likita ya ce ciwon ya daina jin magani. Muka dawo da ita gida, nan ta cika.

Ranar sadakar uku, Hajiya Bintu, wadda muka yi 'yanmatanci tare, ta zauna a kan tabarmata, ta sha furata, ta ce a gaban mata, "Mairam, mun gaya miki. Kin tsokane shi da ƙarfe, ya fusata." Ni da ba a taɓa kayar da ni a magana ba, ranar tashi na yi na shige ɗaki.

Da babbar Sallar bana Hadiza ta zo. Muna suyar nama na tambaye ta abin da na daɗe ina haɗiyewa: yaya magani zai yi aiki sannan ya daina? Ta ce, "Gwaggo, ciwon nan tarin ƙwayoyi ne masu rai. Magani na kashe da yawa, amma 'yan da suka tsira suna da wasu ƙofofi da suke turo maganin waje kafin ya kama su. Su ne ke hayayyafa. Allura ba ta fusata komi."

Sannan ta ce masu bincike sun samo wata dabara. Suna ƙunshe maganin cikin wasu 'yan ƙunshi da ido ba ya gani, waɗanda garin kwalli ma dutse ne a kansu. Nano suke ce musu. Ƙwayar ciwon sai ta haɗiye ƙunshin dungum ba ta san abin da ke ciki ba, sai ya wuce ƙofofin nan kafin ya buɗe.

Na ajiye cokali na yi dariya, dariyar da ba daɗi. Wannan ai dabarar Falmata ce! Idan yaro ya ƙi shan nibakin, ƙwayar zazzaɓi, saboda ɗaci, wurinta matan unguwa ke kawo shi. Ta tsaga dabino, ta cire ƙwallon, ta cusa ƙwayar, ta murza shi ya yi laushi, ta ce, "Wa zai riga ni haɗiyewa?" Da tana raye ta ji labarin nan, na san abin da za ta ce: "Inna, sai yanzu masu fararen riguna suka gano dabino?"

Na ce, "To da an ba ta, da ta tashi?" Hadiza ta ce ba ta sani ba, kuma ba za ta yi mini ƙarya ba. Kaɗan ne aka fara bai wa marasa lafiya, sauran gwaji ake yi a ƙasashe masu nisa. Na ce dama. Mu da maganin jiya ma sai mun ƙetare ƙasar nan kaf kafin mu gan shi, yaushe na gobe zai san hanyar Gure? Sai jikokin Falmata sun yi furfura.

Sai ta ƙara wata magana, ba ta san inda za ta sauka ba. Ta ce, "Gwaggo, har yau babu abin da ya kai zuwa da wuri."

To, Hadiza, rubuta wannan. Ranar da Falmata ta ja ni ɗaki ta nuna mini, abin bai wuce ƙwallon dabino ba. Ita ta ce mu tafi asibiti. Ni na hana. Na ce daji ba ya son allura, don haka na ji daga uwata. Wata bakwai ina dakan saiwa ina shafa mata, ina yi mata hayaƙi, ina ɓoyewa har ga mijinta. Ba ta taɓa fasa wannan magana ba, ko a ciwon ajali. Ni ma ban fasa ba, don gara a ce na yi gaggawa da a ce na yi wauta.

Jiya na je gidan Bintu, don na ji matar ɗanta ta yi wata uku ana shafa mata saiwa. Na gaya mata duk abin nan a gaban yarinyar. Bintu ta ce, "Tsufa ya fara taɓa ki, Mairam." Na ce ya taɓa. Yarinyar dai ta rako ni har ƙofa, ta tambaye ni ranar da kar ke tashi.

Dabinon Falmata na nan a kwari yana 'ya'ya. Matan unguwa har yau suna tsaga shi su ba yara magani, da yawa ba su san wa ya koya musu ba. Wannan na bar musu. Sunanta ne ba zan bari ba. Duk wadda za ta kira shi don ta tsorata wata, ta kira shi daidai. Ta ce, "Kin manta Falmata? Uwarta ce ta makara." Allah Ya jiƙan ta, ni kuma Ya yafe mini wata bakwai.