Barkonon da Na Shafa a Hannuna

Ni ba mai son kare ba ce, gara in faɗa tun yanzu. Shekarar da aka kwance mana rago har sau biyu a gidanmu na bakin gari a Gusau, maigidana ya dawo daga Bungudu da kwali ɗaure a bayan babur. Na ɗauka tumatir ne. Ina buɗewa sai ga ɗan kwikwiyo ja, yana ta rawar jiki.

"Malam, wannan ne zai kori ɓarawo?" na ce. "Ai shi ko kaza sai ta kore shi."

"Ki dai riƙa ba shi kunu, zai girma," in ji shi. Ya tafi ofis ya bar ni da shi.

Tunda ni ke ba shi kunun, ni ya ɗauka uwarsa. Duk inda na sa ƙafa yana nan, kuma bakinsa ba ya hutawa: yatsun ƙafa, bakin zane, hannu in na sunkuya shara. Haƙoran nan kamar allura. Amma ba zafin ya dame ni ba, yawun ne. A gidanmu, in kare ya sa baki a tufa, ba a salla da ita sai an wanke. Sai in yi alwala, ina fitowa ya yi tsalle ya cafke mini zane. A wuni sai in sauya zane uku.

Akwai wata tsohuwa Bafulatana da ke kawo mana nono daga wajen Wonaka, Inna muke ce mata. Ta same ni ina yi masa tsawa, ta sauke ƙwaryarta tana dariya.

"Ɗiyata, ba mugunta ba ce," ta ce. "Da wuri aka raba shi da uwarsa, kuma dasashinsa ke ƙaiƙayi. Ki ba shi guntun fata ya tauna. In ya kama ki, ki ce wash da ƙarfi, ki janye hannu, ki juya masa baya. Kafin wata guda ya daina."

Wata guda! Ni da na yaye 'ya'ya huɗu, kowanne cikin kwana uku, da maɗaci a nono? Na ce to Inna, amma a raina na ce ai na fi ki dabara. Na shafa maɗaci a hannu. Ya lasa, ya yi atishawa, ya girgiza kai, ya dawo ya ci gaba da abinsa.

Ran nan da la'asar ya kama zane na uku, wanda na ɗaura don salla. Raina ya ɓaci. Na shiga madafi na ɗebo garin barkono, na kwaɓa da man gyaɗa, na mulke hannuna na dama. Sannan na tsuguna.

Nan ne abin ke ci mini rai har yau. Da duka na kai masa cikin fushi, da na ce zuciya ce. A'a, kiransa na yi, da lallausar muryar nan da nake kiransa shan kunu. Ya taho da gudu yana kaɗa jela.

Ihun da ya yi, wallahi kamar na jariri. Ya riƙa murza baki da ƙafafunsa, barkonon ya shiga ido. Ya ruga ya kutsa ƙarƙashin akurkin kaji. Na bi shi da ruwa ina cewa zo, zo, yi haƙuri. Ina! Da ya ji muryata sai ya ƙara shigewa.

Da Malam ya dawo ya tambaya, na ce ƙila zuma ce ta harbe shi. Ƙarya na yi masa. Washegari Inna ta jawo kwikwiyon daga ƙarƙashin akurkin, ta wanke masa kumburarrun idanun da nono. Ta dubi hannuna da ya yi jawur, ta dube ni. Na so a ce ta zage ni, amma sai ta ɗauki ƙwaryarta ta tafi.

Ya daina cizo kuwa, rana ɗaya. Yanzu ya zama ƙaton kare, ba a sake taɓa mana ko ɗan akuya ba. In ya ji babur ɗin Malam har birgima yake yi. Inna kuwa tun daga lungu yake taro ta. Ni ce dai ke ba shi abinci har yau, amma sai na ajiye na shige ɗaki yake matsowa. Na kawo masa guntun fatar da Inna ta ce, bai ko shinshina ba.

Ɗazu da safe na wanke hannuna tas da sabulu, na tsuguna da tsoka a tafin hannun, na kira karen da muryar nan. Ya dube ni, ya juya, ya nufi akurki. Jikinsa ba ya shiga yanzu, sai ya cusa kansa kawai.